Ƙera Motar Daji: Abin da Rairayi da Taɓo da Kurmi Suke Nema ga Mota

Duk wanda ya taɓa yin tafiya da damina a hanyar da ba ta da kwalta ya san irin wahalar da mota kan sha, ita da mutanen cikinta. Ana cikin tafiya sai ta kafe a taɓo, direba ya yi ta taka totur tayoyi suna juyawa a wuri guda, fasinja su sauko su naɗe ƙafar wando suna turi, wasu suna saro ganye suna cusawa a ƙarƙashin taya. Da rani kuwa rairayin gulbi shi ke karɓar aikin. Saboda haka tun farkon zamanin mota ake samun mutanen da babban burinsu shi ne su haɗa wata mota wadda ba ruwanta da hanya, ta bi rairayi, ta keta taɓo, ta kurɗa kurmi, ta kuma komo gida da ƙafarta. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abubuwan da maƙerin irin wannan mota yake lura da su, da kuma dalilin da ya sa burin yake da wuyar cika. Dalilin kuwa shi ne, abin da rairayi yake nema ga mota daban, na taɓo daban, na kurmi daban, kuma sau da yawa gyaran da zai taimake ta a wuri ɗaya shi ne zai karya ta a wani. Tarihin motar nan Land Rover, wadda ta daɗe tana ɗaukar su Di'o da malaman dabbobi da ma'aikatan asibiti zuwa ƙauyukan ƙasar Hausa, ya isa misali.

Mafarin Land Rover

Bayan an gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, kamfanin Rover na Ingila ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Sana'arsa ita ce ƙera motocin alfarma, ga shi mutane ba su da kuɗin saye, ga ƙarfe ya yi wuya har gwamnati ce take raba shi, kuma ta fi ba kamfanin da yake sayar da kayansa a ƙasashen waje. Babban injiniyan kamfanin, Maurice Wilks, yana da gona a tsibirin Anglesey na yankin Wels, inda yake aikace-aikace da wata tsohuwar Jeep ta sojan Amurka, ragowar yaƙi. A 1947 shi da wansa Spencer Wilks, wanda yake shugabancin kamfanin, suka yanke shawara su ƙera tasu motar, wadda manomi zai yi huɗa da ita da safe, ya kai kaya kasuwa da ita da yamma. Ana ba da labari cewa a kan rairayin bakin teku Maurice ya fara zana wa wansa siffarta.

Rashi ne ya tsara wa motar nan kama. Da yake babu ƙarfe isasshe, sai aka yi jikinta da alminiyam, irin wanda aka saba yin jiragen sama da shi. Babu kuma kuɗin sayen manyan injunan lanƙwasa bodi, saboda haka aka bar gefunanta a miƙe kamar akwati. Shasi, watau ƙashin bayan motar, falle-fallen ƙarfe ne aka haɗa da walda. Har fentin ma, kore ne ragowar na jiragen yaƙi. To, sai ga shi abin da aka yi don dole ya zama shi ne amfanin motar, domin alminiyam ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, kuma in ya lotse ko maƙerin ƙauye ya iya bubbuge shi ya miƙe. Nauyin motar kuwa sai ya taru a ƙasa, wajen shasi da aksul, abin da yake hana ta saurin kifewa. An fara nuna ta a birnin Amstadam na Holan ran 30 ga Afrilu, 1948, a kan fam 450. Injinta mai ƙarfin doki 50 ne kacal, tsakanin tayar gaba da ta baya inci 80 ne, nauyinta kuma bai kai tan ɗaya da kwata ba. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan awo na nauyi, don za a komo kansa.

Ba a jima ba ta nuna abin da ta iya. A watan Satumba na 1955 wasu ɗalibai shida na jami'o'in Okusfod da Kambirij suka tashi daga Landan da Land Rover biyu, suka bi ta Turkiyya da Iran da Indiya, suka keta kurmin Bama ta wata hanyar yaƙi da daji ya riga ya cinye, har suka isa Singafo a watan Maris na 1956.

Rairayi

Amma tun kafin a haifi Land Rover an riga an gano sirrin rairayi, kuma wanda ya fi kowa suna a wannan fage wani hafsan sojan Ingila ne mai suna Ralph Bagnold. Wajen 1929 da 1930 ya riƙa shiga tuddan rairayi na hamadar da ke tsakanin Masar da Libiya da ƙananan motocin Ford, alhali a lokacin an ɗauka raƙumi kaɗai ke iya bin wurin. Dabararsa ta farko ita ce rage iskar taya.

Hikimar abin ba ta da wuyar ganewa ga wanda ya san raƙumi. Doki kan nutse a rairayi domin kofatonsa ƙarami ne kuma tsattsaura, nauyinsa duka yana sauka a ɗan ƙaramin wuri. Tafin raƙumi kuwa faffaɗa ne mai taushi, in ya taka sai ya baje, nauyin ya rarrabu. Haka taya take. Idan an cika ta tam, kamar awo 32 ko 35 na gejin mai faci, ɗan wuri kaɗan ne yake taɓa ƙasa, sai ta riƙa yanka rairayi tana tara shi a gabanta, har ya zama kullum tana hawan wani ɗan tudu ne da ita ta gina wa kanta. Idan aka sauke iskar zuwa kamar awo 15 ko 18, sai tafin tayar ya ƙara tsawo a ƙasa, motar ta hau kan rairayi maimakon ta shige cikinsa. Daga nan za a gane cewa babban abokin gabar mota a rairayi shi ne nauyi. Duk wani ƙarfen da aka ƙara mata, da sunan ado ko da sunan ƙarfi, tayoyi ne za su biya bashinsa. Shi ya sa lokacin da Bagnold ya kafa rundunar sintirin hamada a 1940, manyan motocin Chevrolet masu ja da tayoyin baya kawai suka fi yi musu amfani a kan masu ja da huɗu, saboda sun fi sauƙin nauyi, sun kuma fi tsimin mai. In mota ta kafe sai su tona gaban taya, su shimfiɗa faifan ƙarfe, ta hau ta fita.

Har ila yau rairayi yana son gudu da injin mai numfashi, domin motar da ta sassauta a tsakiyarsa ta kusa tsayawa, wadda ta tsaya kuwa tashinta sai da shebur. Ba ya son taya mai manyan haƙora, don haƙoran haƙa suke yi, nan da nan sai motar ta binne kanta har cikinta ya zauna a ƙasa. Direbobin hamada sun san kuma cewa rairayin asuba ya fi na azahar ɗaukar mota, saboda sanyi da raɓa suna ɗan kama shi.

Taɓo

Da an baro rairayi an shiga taɓo sai lissafi ya juye. Haƙoran nan da suka zama aibi a can, a nan su ne abin nema, kuma ana son su da tazara a tsakani yadda laka za ta riƙa fita in taya ta juya. Tayar da zanenta ya cushe da laka ba ta da bambanci da suɗaɗɗiya. Daɗin daɗawa, taɓon ma iri biyu ne. Akwai wanda yake da ƙasa mai tauri a ƙarƙashinsa, kamar hanyar burji da ruwa ya jiƙa, shi wannan siririyar taya doguwa yake so, wadda za ta yanka ta sauka ta kama tauri. Akwai kuma wanda ba shi da gindi, irin na fadama, ko baƙar lakar firgi ta wajen Dikwa a Borno in damina ta yi nisa, inda siririyar taya za ta yi ta nutsewa har aksul. Ke nan ko a cikin taɓo kaɗai babu tayar da ta gamsar.

A nan ne ya kamata a yi bayanin wata na'ura wadda yawancin masu shiga mota ba su san da ita ba, alhali ita ce takan kafe su. Idan aka leƙa ƙarƙashin babbar mota za a ga wani tulu a tsakiyar aksul. A cikinsa akwai haƙoran ƙarfe da ake kira difaranshal, aikinsu shi ne su bar tayar dama da ta hagu su yi gudu daban-daban. Dalili kuwa, in mota za ta sha kwana, tayar waje ta fi ta ciki doguwar tafiya, kamar dai 'yan makaranta a fareti, na gefen waje yana faɗaɗa taku, na ciki yana takawa a hankali. A kan kwalta wannan na'ura alheri ce. Illarta ita ce ƙarfin da take ba tayoyin nan biyu daidai wa daida ne, ba ta iya ba ɗaya fiye da abin da ɗayar ta iya riƙewa. Saboda haka in taya ɗaya ta faɗa santsi, ko ta rataye a sama, sai ta yi ta juyawa a banza, wadda take kan tauri kuwa ta tsaya cik ba ta samun komai. Ko motar da ake cewa tana ja da tayoyi huɗu tana iya kafewa ta wannan hanya, in tayar gaba ɗaya da ta baya ɗaya suka rasa abin kamawa a lokaci guda.

Maganin da maƙera suka samo shi ne makulli, wanda in direba ya danna shi sai ya ɗaure tayoyin biyu su juya tare, ko ana so ko ba a so. Yana fid da mota daga rami ƙwarai, amma yana sa sitiyari tauri, kuma duk ƙarfin injin yana iya taruwa a kan sandar aksul guda ɗaya har ta ƙarye. Wanda ya manta da shi a kulle ya hau kwalta, gareji zai kwana. Tare da wannan akwai ƙaramar giyar nan da direbobi ke kira ogzilari, wadda take rage gudun mota fiye da ninki biyu ta ƙara mata ƙarfin ja gwargwadon haka, don ta riƙa rarrafe ba tare da an ƙona kulochi ba.

Sai maganar tsayi daga ƙasa. Mutane da yawa sun ɗauka in an ɗaga jikin mota da dogayen sifirin an gama, alhali tulun aksul yana nan inda yake, shi ne kuma yake fara dukan ƙasa a hanyar da manyan motoci suka rarake. Abin da ke ɗaga shi shi ne doguwar taya kaɗai, ko kuwa irin dabarar da Jamusawa suka yi wa motarsu Unimog, wadda aka fara gwajinta a 1946. Su sai suka sa wasu haƙora a gindin kowace taya, yadda aksul zai zauna sama da tsakiyar wili. Wani abin sha'awa game da ita shi ne faɗin da ke tsakanin tayoyinta, watau santimita 127, an auna shi ne da kunya biyu ta gonar dankalin Turawa, domin ita ma don manoma aka yi ta. Ɗaga mota kuma yana da farashi, domin gwargwadon tsayinta gwargwadon saurin kifewarta a gangare.

Ruwa shi ma yana da nasa sharaɗi. Injin iska yake matsawa, ruwa kuwa ba ya matsuwa, don haka in ya shaƙi ko kofi guda sai sandar fistin ta lanƙwashe. Wannan ne amfanin bututun nan da ake gani ya bi gefen gilashi ya hau har rufin mota.

Kurmi

Kurmi yana son mota gajera, siririya, mai iya juyawa a tsakanin itatuwa, wadda cikinta ba zai dafe a kan tudu ba in tayoyin gaba sun haye na baya ba su iso ba. Jafanawa sun bi wannan ra'ayi har ƙarshensa da suka fito da Suzuki Jimny a 1970, 'yar mitsitsiya mai nauyin kimanin kilo 600, wadda in ta kafe ƙarti huɗu sun isa su ciccibe ta. Sai dai gajerar mota ba ta ɗaukar kaya, ga kuwa tafiyar daji ba ta yiwuwa sai da mai da ruwa da abinci da safaya. Tayar nan da aka rage wa iska don rairayi, a kurmi gefenta ya bulluƙo waje ke nan, kututture ɗaya ya isa ya farke ta. Abin da kurmi ya fi hamada da shi shi ne itace, domin ana iya ɗaura wayar winci a gindin bishiya mota ta jawo kanta. A hamada sai dai a haƙa rami a binne safayar taya a ɗaura a jikinta. Itaciya ɗaya tilo da aka sani a tsakiyar Tenere ta ƙasar Nijar ma, mota ce ta banke ta a 1973, aka kwashe gangar jikinta aka kai gidan tarihi na Yamai.

Babu inda waɗannan saɓani suka fito fili kamar a dajin Darien, wanda yake tsakanin Fanama da Kolombiya. Nan ne babbar hanyar da ta taso daga arewacin nahiyar Amurka zuwa kudancinta ta yanke, saboda tsananin kurmi da fadama. A 1970 kamfanin Rover ya fito da sabuwar mota mai suna Range Rover, mai injin silinda takwas, wadda ta fi tsohuwar ƙarfi da gudu da daɗin zama nesa ba kusa ba. Don a nuna wa duniya bajintarta, sai aka ba sojojin Ingila guda biyu, suka taso daga Alaska a watan Disamba na 1971 da niyyar kaiwa ƙarshen Amurka ta Kudu. Wanda ya shugabanci ratsa dajin shi ne Manjo John Blashford-Snell na sojojin injiniya. Sun shiga a watan Janairu na 1972, suna zaton rani ya kama, sai suka tarar ruwa bai ɗauke da wuri ba a shekarar, ƙasa duk ta zama kunu.

Da ma an yi tanadin taɓo, an sa wa motocin wasu manya-manyan tayoyi na fadama, an kuma lafta musu kaya har bisa rufi. Ba a yi nisa ba sai haƙoran aksul na baya suka fara karyewa. Aka sāke, suka sake karyewa, har tafiya ta tsaya cik na kwanaki masu yawa a tsakiyar daji. Sai da kamfani ya turo injiniya daga Ingila, aka bincika, aka gano cewa tayoyin nan da aka sa don ceto su ne masu laifi, su da yawan kaya. Bayanin abin lissafi ne mai sauƙi. Taya kamar sanda ce da ake bankarar dutse da ita, gwargwadon tsawonta gwargwadon wahalar da gindinta yake sha. Alal misali, in aka cire taya mai tsayin inci 30 aka sa mai inci 35, to kafin motar ta sami irin turin da take samu a da, sai aksul ya ɗauki ƙarin murɗa na kashi ɗaya cikin shida. A ƙara da nauyin lakar da ta manne wa tayar, sa'an nan a tuna yadda taya kan yi ta juyawa a santsi ta zo ta cafki saiwa farat ɗaya, za a ga cewa ƙarfen yana da uzuri. Maganin da aka yi shi ne aka mayar da tayoyi na asali, aka rage kaya. A cikin wannan hali kuma aka sayo wata tsohuwar Land Rover a Fanama, ita ce ta riƙa shiga gaba tana buɗe hanya tare da masu adda. Da tsani na alminiyam aka riƙa yi wa motocin gada a kan kwazazzabai, da kwale-kwalen roba aka fitar da su fadamar kogin Atrato. Tafiyar da ba ta wuce mil 250 ba sai da ta ci kimanin kwana 100, watau mil biyu da rabi a yini, abin da ko jaki mai kaya zai raina.

Abin lura ga mai son haɗa tasa motar shi ne, sassan mota sarƙa ce. In ya ƙara girman taya, dole ya sāke haƙoran aksul da sandunansa, ya ƙara ƙarfin birki, wataƙila har da giya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙarin nauyi ne, nauyi kuma ya nemi injin da ya fi girma, babban injin ya nemi babban tanki, sai a wayi gari an sami motar da ta gagari taɓo amma rairayi ya haɗiye ta. Saboda haka maƙerin kirki da tambayar hanya yake farawa kafin ya sayi ko ƙusa guda: wace ƙasa motar za ta fi bi, kaya nawa za ta ɗauka, kuma in ta lalace wa zai gyara ta, da wane kaya? Tambayar ƙarshen nan ita ce ta kayar da Land Rover a kasuwannin Afirka. Toyota Land Cruiser, wadda aka fara ƙerawa a 1951, ba ta fi ta iya hawa da gangara ba, amma ta fi ta jimiri, kayan gyaranta kuma sun fi samuwa, har ya zama daga wajen 1980 ita ce ta mamaye hanyoyin Agadas da Bilma da sauran wuraren da a da sai Land Rover.

Jikar motar 1948, wadda aka raɗa wa suna Defender a 1990, an daina ƙera ta ran 29 ga Janairu, 2016, bayan an yi fiye da miliyan biyu na zuriyarta, saboda dokokin hayaƙi da na kare lafiyar fasinja sun fi ƙarfin tsohon tsarinta. Wani attajirin Ingila mai suna Jim Ratcliffe, mai kamfanin Ineos, ya ji zafin abin, ya nemi a sayar masa da izinin ci gaba da ƙera ta aka hana shi, sai ya tashi ƙera tasa. Ya sa mata suna Grenadier, sunan wata mashaya ta Landan inda aka ce a can aka fara shawarar. An soma ƙera ta a 2022 a garin Hambach na Faransa, da injin BMW na Jamus, da shasi irin na da, da aksul mai tulu gaba da baya, da makullan difaranshal har uku ga wanda ya biya kuɗinsu. A ido kamar an tsaga kara da tsohuwar, amma da aka ɗora ta a sikeli sai ta haura tan biyu da rabi, watau fiye da ninki biyu na wadda Maurice Wilks ya zana a bakin teku.